Folda Mai Sunan Surukina

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau taron safe a kaina ya ƙare. Malam Tasi'u, shugaban ofishinmu na nan Tudun Wada, ya ce tunda ni ce mai kula da bayanai, daga yanzu ni zan riƙa haɗa kwamfuta da majigi ina karanto foldojin rukunan manoma, kowane jami'in gona ya faɗi inda ya tsaya. To a ofishin nan kowace folda sunan shugaban rukuninta take ci. Ta Wada, ta Asibi, ta Ukasha, duk na karanta lafiya lau. Sai na iso kan ta masu masara na Burumburum, waɗanda shugabansu Baba ne, mahaifin maigidana. Ga sunansa ɓaro-ɓaro a jikin bango.

Na ce, "Sai ta Burumburum." Malam ya ce, "Wacce? Ai biyu ne a Burumburum." Na ce ta saman. Ya ce, "Malama Bushira, ba ta da suna ne?" Ramla da muke tebur ɗaya ta kifa kai tana ƙunshe dariya har kafaɗunta na rawa. Surajo ne ya cece ni, jami'in da ke zagaya Burumburum da Doguwa. Ya ce tasa ce, ya kira sunan, aka wuce.

Ko shekara ban rufa da aure ba, in buɗe baki in kira sunan surukina a gaban maza? Da Inna Uwani da ta raine ni za ta ji, wallahi cewa za ta yi ba ita ta yi tarbiyyata ba. Kuma wai haka za a riƙa yi duk Litinin.

Laraba, 9 ga Yuli

Na yi maganin abin! Kowa ya fita sallar azahar, na ce bari in canza wa foldar suna. Rumbun intanet ɗin ofis ya ƙi, wai Surajo ne ya buɗe ta, shi kaɗai ke da wannan ikon. Sai dabara ta faɗo mini. Na buɗe sabuwa, na sa mata Burumburum ta Gabas, na kwafe duk hotunan gonaki da rahotannin da ke cikin tsohuwar na zuba a ciki, sannan na cire tsohuwar. Abin mamaki, cirewar bai hana ni ba. Na duba, ko hoto ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Na so in gaya wa Surajo, yana can Doguwa. In ya shigo na faɗa masa. Yau har ƙarin tuwo na yi.

Litinin, 14 ga Yuli

Ba taro, Malam ya tafi babban ofis a Kano kai rahoton damina. Gobe da jibi ina Kwanar Dangora wajen horar da matan rukunin Asibi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina shigowa na tarar da ofis tsit. Ramla ta ja ni gefe ta labarta mini. A Kano, gaban manya, aka riƙa danna link ɗin da Surajo ya saka a rahotonsa, waɗanda za su kai mutum ga hotunan gonakin Burumburum. Kowanne aka danna sai ya ce ba a samu fayil ba. Malam ya sha kunya, ya dawo jiya a fusace, ya buɗe rumbun, babu foldar gaba ɗaya. Ya tara ma'aikata ya yi wa Surajo tatas. Wai dama fanko ce, bai je gonakin ba, yana kwance a gida yana rubuta rahoton ƙarya, da ya ga za a duba sai ya goge ta. Surajo ya rantse ya maya. Aka ce to ya nuna hotunan a wayarsa, ya ce wayar ba ta da wuri, da ya ɗora yake gogewa. An dakatar da shi. Malam ya ce ƙarshen wata zai rubuta wa Kano a sallame shi.

Na ce da Ramla, "Ai hotunan suna…" sai ga Malam ya fito. Ya ce duk mu saurara, daga yau wanda ya kuskura ya taɓa kayan wani a rumbun nan, ko ɗan uban wane ne, tare da Surajo zai bi hanya. Na haɗiye sauran maganar. Ramla ta ce, "Suna me?" Na ce a'a, cewa nake suna da muhimmanci.

Da na zauna na duba, sai na ga inda na yi ɓarnar. Ashe sabuwar foldar a ɓangarena na buɗe ta, ba a na kowa da kowa ba. Ni kaɗai nake ganinta. Kuma kwafi link ɗinsa daban, na tsohuwar sun mutu tare da ita. Wannan fa ni ake biya in sani.

Juma'a, 18 ga Yuli

Abin da na yi yau ya fi na jiya muni. Malam ya ce in kira Hafizu, mai kula da kwamfutoci a babban ofis, mu bincika ko matsalar daga na'ura ce, don kada a ce ya zalunci yaro. Ni aka ba wa binciken. Ni!

Na ƙara wa wayar murya, Hafizu na faɗa ina yi. Ya ce in duba sabis, na duba. Ya ce in fita daga akawun ɗina in sake shiga, ko da na gida na shiga maimakon na ofis, na yi. Ya ce in gwada wata burauzar, wato manhajar shiga intanet, in gwada a kwamfutar Ramla, in kwafi link ɗin gaba ɗayansa kada a ce wutsiyarsa ce ta yanke. Duk na yi, har ina cewa, "Kai, har yanzu fa ya ƙi," kamar da gaske. Ya ce da matsalar izini ce, da rumbun zai rubuta mini in nemi izini. Tunda cewa yake babu fayil, to cire foldar aka yi. Ya ce tana kwandon sharar wanda ya cire ta, kuma in ta yi wata guda a can shi ke nan ta tafi. Shi ba ya leƙa kwandon kowa sai an rubuto masa daga sama.

Malam na tsaye a kaina yana ji. Ya ce, "Kin ji ko? Mai folda ne kaɗai zai iya cire ta." Hafizu bai ji shi ba, layin na yankewa. Ni na ji, kuma na san ba haka ba ne. Maimakon in gyara masa magana, sai na kama gyara mayafi.

Bayan Malam ya shiga ofishinsa na buɗe kwandona. Ga ta nan zaune da sunan Baba a goshinta.

Asabar, 19 ga Yuli

Ban iya cin komai ba sai koko. Maigidan ya ce ko zazzaɓi ne, na ce e.

Lahadi, 20 ga Yuli

Mun je Burumburum gaida su Baba. Hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka daga babur. Na kai masa fura zaure, na durƙusa na gaishe shi, ina shirin tashi sai ya ce, "'Yata, ina yaron nan naku Surajo? Kwana biyu shiru." Na ce yana nan. Ya ce yaron kirki ne, ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi a jiƙe sharkaf ya zo, ya naɗe wando ya shiga gona har gwiwa yana ɗaukar hoton masara. "Na ce ya bari ruwa ya tsagaita, ya ce wai Doguwa na jiran sa. Da ƙyar na tsayar da shi ya ci tuwo." Ya ce in gaya masa akwai wata tsutsa da ya gani a ganye, yana so ya zo ya duba.

Na ce to, Baba. Na san hoton da yake nufi, har da ɗigon ruwa a jikin gilashin. Yana cikin kwamfutata.

A hanyar dawowa na kusa gaya wa maigidan, sai na rasa ta inda zan fara. In ce masa saboda sunan mahaifinka na jefa mutum a masifa?

Talata, 22 ga Yuli

Na dawo da ita. Da sassafe kafin kowa ya zo na shiga kwandon na danna maido, ta koma mazauninta. Na ɗauko rahoton na bi link ɗin ina dannawa, kowanne sai ya buɗe. Alhamdulillahi! Har hawaye na yi. Na goge waccan tawa ta Gabas ɗin, kada ma in sake ganinta. Yanzu Malam zai ga hotuna, a dawo da Surajo, a ce na'ura ce ta yi halinta. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Laraba, 23 ga Yuli

Kaico, Bushira. Wayonki ya sake cin mutum.

Ramla ce ta fara gani, ta kwasa a guje ta gaya wa Malam tana murna. Ya fito ya duba, ya daɗe yana kallo, sai ya sa yatsa a kan inda aka rubuta ranar da aka taɓa foldar. Jiya. Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Kun gani? Da ya ji wuta, ya zaga gonaki a ƙarshen mako ya ɗauko hotuna, ya zuba, ya dawo da ita a ɓoye. Da ƙarya ɗaya ce, yanzu ta zama biyu." Ramla ta ce, "Yallaɓai, ai masarar cikin hoton ƙarama ce, ta yanzu ta fi haka." Ya ce ita yaushe ta zama malamar gona? Ya ce da yana tunanin sassauci, amma yanzu ranar Litinin bayan taro takardar za ta tafi Kano.

Ina zaune ina danna abin da ban san me nake dannawa ba. Matar Surajo tsohon ciki gare ta, Ramla ce ta gaya mini. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa.

Alhamis, 24 ga Yuli

Sau biyu ina zuwa ƙofar Malam. Na farko na tambaye shi ko akwai takardar firinta. Na biyu na juyo tun kafin in ƙwanƙwasa.

Abin da ke riƙe ni ba korar ba ce kaɗai, ko da yake ina tsoron ta, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Tambayar da zai yi ce: don me? In tsaya in ce wa mutum mai furfura, na cire aikin wani don ina jin nauyin karanta suna. Ni da na yi digiri. Ramla za ta samu abin ba'a har mu tsufa.

Asabar, 26 ga Yuli

Na gaya wa maigidan bayan la'asar, ina tsince shinkafa don kada in kalle shi. Da farko dariya ya yi, ya ce, "Yanzu duk ramar nan a kan Baba ce?" Da na kai kan Surajo sai dariyar ta ɗauke. Can ya ce, "Kunyar Baba kika ji, ko? To shi wannan bawan Allah da aka kira maƙaryaci a gaban jama'a, tasa kunyar wa zai ɗaukar masa?" Na fashe da kuka. Bai rarrashe ni ba, ya ɗauki buta ya fita. Na ji haushinsa ƙwarai.

Litinin, 28 ga Yuli

Na faɗa.

Na haɗa majigi. Na karanta ta Wada, na karanta ta Asibi, sai na tsaya. Na ce, "Yallaɓai, ina da magana kafin a ci gaba." Muryar kamar ba tawa ba. Na ce ba Surajo ne ya cire folda ba, ni ce, kuma ni na dawo da ita ranar Talata. Malam ya cire tabarau. Ko dai bai gane ba ko so yake in fito fili, ya ce, "Wace folda?"

Na ce, "Ta Alhaji Gwadabe."

Wallahi ji na yi kamar na tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Ya ce don me? Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Ina jiran dariya, ba wanda ya yi, har Ramla. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Malam ya ce a kira Hafizu a sa a lasifika. Hafizu ya ce tabbas, duk wanda aka ba ikon gyara zai iya cirewa, kuma a buɗe hoto ɗaya a duba bayanansa, za a ga ranar da aka ɗauke shi. Aka buɗe. Watan jiya.

Malam ya riƙe haɓa. Ya ce, "Malama Bushira, ni ma ina da surukai. Da kin ce mini a kunne, da wani na sa ya riƙa karanta wannan." Shi ke nan fa abin da ake buƙata tun farko, magana ɗaya a kunne. Sannan ya ce ranar Juma'ar da ya tsaya a kaina ina waya, na san gaskiya? Na ce na sani. Ya ce wannan ce ba zai iya wucewa ba. Zai ba ni takardar gargaɗi, kuma an janye mini ikon cire komai a rumbun. Korar dai bai yi ba. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, ya yanke hukunci cikin fushi. A gabanmu ya kira Surajo ya ba shi haƙuri, ya ce ya dawo gobe.

Na shiga banɗaki na daɗe. Da na fito na tarar Ramla ta ajiye mini ruwan leda a tebur.

Talata, 29 ga Yuli

Surajo ya dawo. Ya rame. Na same shi a baranda yana kankare taɓon takalmi, na ce, "Malam Surajo, don girman Allah ka yafe mini." Ya ce ba komai Amarya, abin ya wuce. Na ce bai san iyakar abin da na yi ba. Ya ce ya sani.

Wai washegarin da aka dakatar da shi ya zauna yana tonon imel ɗinsa na ofis, wanda ba ya cika buɗewa, sai ya ga saƙon da rumbun ya aiko masa tun ranar da abin ya faru, cewa ni na cire foldar. Na ce to me ya hana ka nuna wa Malam? Ya ce ya ɗauki waya ya fi a ƙirga. "Sai in tuna ke surukar Alhaji ce, ni kuma ba na zuwa garin nan in fito da yunwa. Na ce bari in ba ki lokaci, za ki faɗa da bakinki." Na ce da ban faɗa ba fa? Ya ci gaba da kankare takalmin. Ya ce, "Da jiya da yamma na turo. Ina da iyali."

Wato duk kwanakin nan da nake zuwa ƙofar Malam ina juyowa, shi yana gida da hujjarsa a hannu, ana kiran sa maƙaryaci, yana jira na. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Litinin, 4 ga Agusta

Malam ya ce ko a canza wa foldojin suna zuwa na garuruwa? Na ce a bar su, kada wani link ɗin ya sake mutuwa. Dalilin da na bayar ke nan. Ramla ce ta karanta ta Burumburum.

Lahadi, 10 ga Agusta

Burumburum. Tun a tsakar gida na ga ƙannen maigidan na kallo na suna murmushi, na san labari ya riga ni. Na kai fura zaure, na durƙusa, na gaishe da Baba, na yunƙura zan gudu. Ya ce in dawo.

Ya ce, "An ce kin kira sunana a gaban mutane." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a yi haƙuri, Baba. Ya ce haƙurin me, ai don a kira shi aka yanka rago. Sai ya sassauta murya. Ya ce Surajo ya zo ranar Alhamis ya duba tsutsar, kuma matarsa ta sauka lafiya, mace aka samu. "Da sunana ne ya raba yaron nan da abincinsa, 'yata, da wane ido zan je barka?"

Na ce haka ne. Ya ce in shirya, ranar suna tare za mu je, ni zan riƙe turmin zanen. Na ce to.

Ban san lokacin da na ɗago ba. Ashe Baba idonsa na hagu ya fara yin yana, kuma a gidan ba wanda ya kai shi asibiti. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun bara. Na ce ranar Laraba zan nemi izini a ofis in zo mu je a duba. Ni ce na faɗa, da bakina, ina kallon sa.